Gonar bayan rafi ta yi wake

Assalamu alaikum mutumina,

Ina gajiya, ina iyali? Da fatan Hajiya da yara suna lafiya, kuma hunturu bai matsa muku ba a Tamale. Na san kana jin haushina. Saƙonka kan maganar filin nan yana wurina tun kafin Babbar Salla, ka yi haƙuri, zan zo kanta a wata wasiƙar. Amma bari in fara da abin da ya hana ni barci daren jiya saboda murna.

Gonar bayan rafi ta yi wake. Ita dai wadda ka sani, ta Baba. Buhu bakwai muka ɗinke jiya da la'asar, ban da wanda yara suka yi ta dafawa tun yana ɗanye. Baba Ƙarami ya zo masussuka da sandarsa, ya cusa hannu cikin buhu har gwiwar hannu, ya daɗe bai ce komai ba. Can sai ya ce, "Allah ya jiƙan Yaya." Wallahi sai da na juya baya na share ido.

Ka tuna daminar ƙarshe da Baba ya shuka wake a wurin? Kana nan, har ka taya mu noman farko. Ya fito kore shar, sannan ya fara yin ɗorawa-ɗorawa, ya tsuke, ya ƙi gaba. In ka tuge shi sai ka ga wuta-wuta ta manne a saiwa kamar kaska. Baba ya ce ƙasa ce ta gaji, ya bar wa awaki gonar. Ashe ƙwayar wuta-wuta ce ta cika ta, ƙanana kamar ƙura, kuma tana iya shekaru a kwance tana jira. Ba ta tsirowa sai ta ji sinadarin da saiwar wake ke fitarwa kusa da ita. Kafin ka gan ta a sarari ta riga ta gama shanye shukar.

To, irin da na shuka bana SAMPEA 20-T ne, kuma kada ka fara washe baki. Eh, daga cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya ya fito. Na yarda, wannan karon Zazzagawa kun yi abin kai. Amma ka tsaya ka ji asalinsa. Waken da aka gina shi a kai shi ne SAMPEA 10, wanda aka ba manoma a 2008, kuma sunansa na yanka IT97K-499-35. Wannan harafin K ɗin Kano ke nan, a tashar IITA, cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, ta nan garin aka haɗa shi. Saboda haka ku kun yi renon yaro ne, mu muka haifa. SAMPEA 10 ɗin ne wanda wuta-wuta ke laluben saiwarsa ta kasa kamawa.

Abin da Farfesa Mohammad Ishiyaku da mutanensa suka ƙara masa shi ne maganin tsutsa, wadda masana ke kira Maruka. Ka san ta, mai shiga fure da ƙowa ta saƙa yana, ka ɓare ka tarar da kashinta maimakon ƙwaya. In ta samu sake tana iya cinye kashi 80 cikin ɗari na amfanin gona. An ɗauko ƙwayar halitta daga wata ƙwayar cuta da ke zaune a ƙasa, wadda take kashe irin wannan tsutsar, aka sa ta cikin waken. Tun 2009 suke gwaji a killataccen fili, sai a watan Disamba na 2019 aka yarda a sake shi. Shekara goma, mutumina. Da can mai son ya tsira da wakensa sai ya yi feshi shida zuwa takwas. Ni bana biyu na yi, kuma su ma dole ne, don darɓa da ƙwarin nan masu tsotse ƙowa ba ruwansu da wannan maganin. Yaron da ke goya mini injin feshi ya fi kowa murna. Bara har amai ya yi a bakin gona da rana tsaka.

Af, kafin in manta, mai shayin bakin tasha ya ƙara aure, kuma ba wadda kowa ya zata ba ce. Ka tambayi Hajiyarka, na tabbata labarin ya riga wasiƙar nan isa Tamale. Rufin masallacinmu kuma an gama, saura siminti a waje.

A majalisa an yi ta kai ruwa rana a kan waken. Wani ya ce irin Turawa ne mai hana haihuwa, wani ya ce in ka ajiye shi ba zai tsiro baɗi ba. Ban yi wa kowa dariya ba, don mutum yana da haƙƙin tambayar abin da zai sa a tukunyar 'ya'yansa. Abin da na ce musu shi ne, wake ba masara mai aure ba ne. Furensa kansa yake ba kansa ciki, don haka ɗan da ya haifa kamarsa yake fitowa. Maganar lafiya kuwa, ni abin da na gani da idona yana kwantar da mutane shi ne gubar da ake zazzaga wa wake a buhu don kada ya huje. Ita ce ta sa Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu a 2015. Nawa yana cikin buhun nan na PICS mai leda biyu a ciki, ko ɗigon magani babu, rashin iska kawai ke kashe ƙwaron.

Yanzu ga abin da ya fi tsaya mini a rai, kuma 'yarka ce ta jawo shi. Tana shekara ta uku a fannin noma, ta zo hutu da hantsaki da zare a jaka. Wata yamma ta ja ni bayan gida wurin Kanannadon Inna. Ta zaɓi wani ƙullin fure da zai buɗe washegari, ta tsaga shi a hankali, ta tsince 'yan zarurrukan nan goma masu ɗauke da gari, ɗaya bayan ɗaya, ta bar na tsakiya shi kaɗai. Numfashi ma ba ta yi sosai. Da asuba bayan salla ta ɗebo buɗaɗɗen fure daga wani irin, ta goga garinsa a kan wancan, ta ɗaura jan zare. Fure ashirin ta yi haka, huɗu suka kama. Ta ce aikin ke nan da ake yi a Samaru da gonar gwajin IITA ta Minjibir, a haɗa, a shuka, a zaɓa, a sake shukawa, damina bayan damina, har a samu wanda halinsa ya zauna.

Ita ce kuma ta gaya mini cewa ƙarfin da wakenmu ya samu na ƙin wuta-wuta, daga wani waken gargajiya na ƙasar Botsuwana aka samo shi, wanda suke kira B301. Wato wasu manoma can suna ta ajiye irinsu, ba su san wata rana zai farfaɗo da gonar Baba ba. A Ibadan akwai rumbun IITA mai nau'in wake sama da 15,000 a cikin sanyi, duk daga hannun manoma irinmu aka tattaro mafi yawansu. Tun ranar nake kallon goran irin Inna da wani ido. A unguwarmu gida nawa ne har yanzu ke da Kanannado ko Ɗan Ila na asali? Kowa ya koma sabon iri, ni ma na koma, kuma ba laifi ba ne, don Kanannado sai rana ta fara gajarta yake fure, in ruwa ya ɗauke da wuri sai a tashi da ganye. Amma wa ya kai shi harawa? Sabon irin tsaye yake, ba ya yaɗo, harawarsa ba ta kai raguna biyu ƙarshen rani ba. Ga girman ƙwaya, ga ƙosansa da ke tashi kamar auduga. Inna ta ɗanɗana alalen sabon ta ce ba laifi, ka kuwa san me "ba laifi" ke nufi a bakin Inna. Na ware mata kunya goma a gonar gida, na ce ko bayan ranta ba za a daina shuka shi ba.

Baɗi dawa zan sa a bayan rafi, layi biyu na dawa, huɗu na wake, yadda malaman gona suke koyarwa. Ƙululun nan na saiwar wake taki suke tarawa daga iska, ga kuma kuɗin buhun taki yadda ya koma. Ina so in ga abin da dawar za ta ce.

Ina da aike. Na ji ku ma a Gana an saki irin wannan waken a 2024, Songotra-T, daga cibiyar bincike ta Nyankpala, kuma ba nisa da kai. Ka daure ka je, ko ka tambayi manoman da kake sayen doya a wurinsu, feshi nawa suke yi, kuma yaya harawarsa take. Kada ka ce mini ba lokaci, mutumin da ke cin wake da shinkafa kowace safiya a ganye, har ya manta da garau-garau.

Na ware maka kwano biyar na sabon, biyu na Inna. Direban nan mai zuwa Kumasi zai tashi bayan sati biyu, ka gaya mini wurin wa zai ajiye. Ka dafa su daban-daban, kada ka faɗa wa Hajiya wanne ne wanne.

Inna tana gaishe ka, ta ce har yanzu tana jiran goron da ka yi alkawari.

Naka har kullum,
Amininka na Kano