Tsimin dizal ba a huhun ɗalibai ba

Assalamu alaikum Malam Edita,

Ina roƙon fili in yi magana da masu riƙe da ɗakunan gwaje-gwaje a Zamfara kan akwatin zuƙe hayaƙin sinadarai. Tunda dizal ya yi tsada, kuɗin wuta ma ya hau, wasu na ba da umarnin a kashe fankarsa alhali aiki na ciki. Abin yana tayar min da hankali ƙwarai.

Mu da gubar dalma ta kashe mana yara sama da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum a 2010, gwajin ƙasa da ruwa dole ne a wurinmu. Kafin a auna dalmar da ke cikin ƙasa kuwa, galibi sai an dafa ƙasar da asid ɗin naitirik da haidirokulorik. Jan hayaƙin da ke tasowa daga kwalbar mugu ne: mutum zai shaƙa ya ji garau, sai bayan sa'o'i numfashi ya fara sarƙewa, lokacin ya riga ya koma gida.

Ba na musun cewa akwatin na cin wuta. Fanka na juyawa, kuma iskar da na'urar sanyaya ɗaki ta sha wahalar sanyayawa waje take watsa ta. Amma akwai inda ake tsimin. Ana son iska ta riƙa shiga bakin akwatin da gudun kusan rabin mita a daƙiƙa, gilashin da ke rufe gabansa kuma kada a ɗaga shi ya wuce santimita 45. Sababbin akwatuna na rage zuƙa da zarar an sauke gilashi. Tsofaffin ba sa ragewa, don haka nasu tsimin a tsara aiki yake: a tara samfura a dafa su lokaci guda, a kwashe kwalaben da aka mayar da akwatin ma'ajiyarsu, a jira hayaƙi ya gama fita, sannan a kashe.

Idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, a rufe kwalabe, a sauke gilashi ƙasa, kowa ya fita. Ƙarar fanka ma ba shaida ba ce cewa tana zuƙar iska, don bel ɗin da ke juya ta kan tsinke injin na ta kuka. A liƙa siririyar takarda a gefen gilashi. In ba ta karkata ciki ba, kada a buɗe asid.

Roƙona ga shugabanni, idan janareto ba zai ɗauki komai da komai ba, a fara kashe na'urar sanyaya ofis, a bar wa fankar layinta.

Naka,
Wani ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje,
Gusau, Jihar Zamfara