Kwalbar da ke gidanka

Ɗana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka. Mahaifiyarka tana gaishe ku. Ƙafar da sauƙi, ta fara takawa ba sanda.

Yayarka ta dawo daga wurinku ranar Lahadi. Ba ƙararka ta kawo ba, don haka kada ka ɗaga waya ka yi mata faɗa. Hira muke yi, tana ba mu labarin yadda jikata ta fara miƙewa tana dafa kujeru, sai ta ambaci cewa ta tarar da ita riƙe da wata 'yar kwalba tana gurgurar murfin da haƙoranta guda huɗu. Ta karɓe, ta shinshina, ta ji ƙamshin alawa, har ta ɗauka maganin yara ne. Matarka ce ta shaida mata cewa ruwan sigarin lantarkinka ne, wanda kake ɗurawa a tanki. Yayarka ta faɗi wannan ta shiga wata maganar. Ni a nan na tsaya. Yau kwana uku ke nan, da na rufe ido sai in ga kwalbar nan a bakin yarinyar.

Ka tuna da watan jiya ka kira ni, ka ce ka bar irin wanda ake sha a yar, ka koma mai tankin da ake sake cikawa, ka tambaye ni yadda na gani. Na ce maka "to", ban ƙara ba, don ban san abin ba, kuma ba na son in yi maka hukunci a kan abin da ban sani ba. Yanzu na sa ƙaninka ya nemo min bayani, na zauna na karanta da tabarau, ya kuma aro irinsa a wurin wani abokinsa ya kwance shi a gabana. Saboda haka amsar da ban ba ka ba a waya, ga ta.

Zan fara da abin da ka yi daidai, don kada ka ce tsoho ya ƙi abu ne kawai saboda sabo ne. Barin sigari da ka yi babban abu ne, ni na san nauyinsa fiye da kowa a gidan nan. Wanda ya ƙirƙiro wannan na'ura ma, Hon Lik, wani masanin haɗa magunguna ne ɗan China, a 2003, shi kansa mashayin sigari ne, kuma kansar huhu ce ta yi ajalin mahaifinsa. Mafita yake nema. Ka ce min hukumar lafiya ta Ingila ta ƙiyasta a 2015 cewa illarsa ta gaza ta sigari da kusan kashi 95 cikin 100. Haka ne, sun faɗa, ko da yake masana da dama sun yi jayayya da adadin. Amma a kan cewa hayaƙin ganyen taba da aka ƙona ya fi wannan tururin muni ga huhu, ban ga dalilin da zan musa maka ba. An kuma yi wani gwaji a Ingila da aka wallafa a 2019, da mutum 886 masu son barin sigari. Rabi aka ba su mai tanki irin naka, rabi aka ba su cingam da filastar nikotin da makamantansu. Bayan shekara guda, kashi 18 cikin 100 na masu tankin sun bar sigari, su kuwa ɗaya ɓangaren kashi 9.9. Ka ga ban ɓoye maka abin da ke goyon bayanka ba.

Tankin kuma ya fi na yarwa ta fuskar aljihu, wannan lissafi ne da ko yaro zai yi: na'ura ɗaya, sai ruwa da kwayil, wato ƙarfen da ke zafafa ruwan, da kake sauyawa. Ba ka kuma zubar da batir a shara duk bayan kwana biyu, wanda yana cikin dalilan da suka sa Birtaniya ta haramta sayar da na yarwa tun daga 1 ga Yuni 2025. Abin da ya fi burge ni shi ne kai ke zaɓar ƙarfin nikotin, kana iya saukowa mataki-mataki har ka kai ruwan da ba shi da ko ɗigo. Sai dai gwajin nan da na ambata yana da wutsiya: cikin waɗanda suka bar sigari da taimakon tankin, kusan kashi 80 cikin 100 suna nan suna zuƙarsa bayan shekara. Tsani yana nan, masu saukowa ne kaɗan. Kai wata nawa ke nan? Ka sauko ko mataki ɗaya?

Da ƙaninka ya kwance shi na ga cikinsa. Wani siririn zaren ƙarfe ne a nannaɗe, da lagwanin auduga da ke tsotso ruwan, batir ya zafafa ƙarfen, ruwan ya zama tururi. Audugar da na gani ta yi baƙi ƙirin, ta daskare kamar ƙasan tukunyar da aka manta a wuta, mai shi kuwa a haka yake zuƙa don ya ja kwanakin kwayil. Idan lagwanin ya bushe ƙarfen ya yi zafi fiye da kima, ruwan yana fitar da fomaldehaid, sinadarin nan da ake adana gawa da shi. Wannan ɗaci na ƙuna da kake ji a maƙogwaro, alamar ke nan. Na riƙe tankin na minti biyu kacal, da na ajiye yatsuna sun yi danƙo, don yana yoyo ta ƙasa, nikotin kuwa yana ratsa fata. Batirin ma ba a jefa shi tsirara a aljihu tare da makullai da tsaba, yana iya kamawa da wuta. Sannan tanki buɗaɗɗe ne, duk abin da aka zuba masa zai karɓa. Daga 2019 zuwa farkon 2020 mutum sama da 2,800 suka kwanta asibiti a Amurka da ciwon huhu, 68 suka mutu, aka gano yawancinsu ruwan wiwi ne na bayan fage suka zuƙa, wanda aka sirka da wani mai na bitamin E. Na san ba wannan kake sha ba. Ina dai gaya maka ne don ranar da wani aboki zai miƙo maka kwalba marar takarda ya ce shi ya haɗa da kansa.

Duk waɗannan a jikinka suke, kai kuma baligi ne, ka kai munzalin da za ka auna wa kanka. Da a nan maganar ta tsaya, da ban ɗauki alƙalami ba.

Kwalbar ce ta hana ni barci. Ka san me ke cikinta? A ƙasashen Tarayyar Turai doka ta kayyade cewa kwalbar cikawa ba za ta wuce mililita 10 ba, tanki mililita 2, ƙarfin nikotin kuma miligiram 20 a kowace mililita, sannan dole murfin ya zama wanda yaro ba zai iya buɗewa ba. Ba don ado suka yi wannan doka ba. Ka yi lissafin da kanka: mililita 10 sau miligiram 20, miligiram 200 ke nan a 'yar kwalbar da ba ta kai babban yatsanka ba. Babban mutum idan ya sha karan sigari ɗaya, abin da ke shiga jininsa bai wuce miligiram ɗaya zuwa biyu ba. Yarinyar nan kilo nawa gare ta? Kurɓa ɗaya ta isa ta kai ta asibiti. A watan Disamba na 2014 wani yaro ɗan shekara ɗaya ya mutu a jihar New York bayan ya sha ruwan nikotin a gidansu. Sa'an jikata ne. Su ma iyayensa na tabbata suna son ɗansu kamar yadda kuke son taku. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Karan sigari ɗaci gare shi, yaro ya tauna yakan tofar. Wannan kuwa an yi shi da launi mai kyau, da ƙamshin kayan zaƙi, wasu kwalaben har da hoton 'ya'yan itatuwa a jiki. Yarinyar da ba ta san komai ba a duniya sai kai abu baki, ta yaya za ta bambance? Kuma tana kallonka. Kullum tana ganin babanta ya murɗe murfi, ya matsa kwalba, ya kai abin baki yana jin daɗi. Yau haƙora huɗu ne, murfin ya gagare ta. Nan da wata shida hannunta zai yi ƙarfi. Ko kuwa rana ɗaya waya ta yi ƙara kana tsakiyar cikawa, ka ajiye kwalbar a buɗe ka ce yanzu zan dawo.

A nan zan yi maka faɗa, kuma ba zan sassauta ba. Kai da ka yi karatun da ni ban yi ba, kai da ka iya kawo min adadin hukumar lafiya ta Ingila a waya ba tare da ka duba takarda ba, ka kasa karanta gargaɗin da ke jikin kwalbar da ke hannunka? Ka bar guba a kan teburin da bai kai gwiwarka ba, a ɗakin da 'yarka take rarrafe. Kada ka ce min laifin matarka ne da ba ta ɗauke ba. Ba ita ta sayo ba, ba ita ke sha ba. Ka yi lissafin kuɗin da tankin ya rage maka har ka kira ni kana murna, amma ba ka yi lissafin tsawon hannun yarinyar ba. Ido wa ka raina? Wanda nake gani kullum. Kwalbar ta zama kayan ɗaki a wurinka, kamar rimot da caja, shi ya sa ka daina ganinta.

Na san abin da ke ranka yanzu, ko da ladabi zai hana ka furtawa. Za ka ce a hannuna ka fara ganin sigari. Gaskiya ne. Shekara 22 na yi ina sha. Amma a zamaninmu ba wanda ya zaunar da ni ya yi min bayani irin wannan, kuma ban taɓa kunna wuta a ɗakin da kuke kwana ba, mahaifiyarka shaida ce. Ko cikin sanyi waje nake fita. Duk da haka ban tsira ba. Kana da shekara biyar na leƙo bayan ɗaki na same ka a tsugune, ka tsinci guntun da na yar, ka maƙala shi a gefen baki daidai yadda nake yi, har da runtse ido ɗaya. Na buge hannunka, ka yi kuka, ba ka san laifinka ba. Sai da na ƙara shekara takwas a kai kafin na iya bari, a shekarar nan da ka sani, bayan mun dawo daga wurin kawunka. Ban yi maka wannan maganar ba tun da kake, yau na yi. Abin da ka tsinta a bayan ɗaki shekaru ya ɗauka kafin ya kama ka, har aka sami lokacin gyara. Abin da 'yarka ta tsinta a kan teburi ba ya jiran shekaru.

To ga amsata. Idan zaɓinka tsakanin tankin ne da komawa sigari, riƙe tankin, kada ka koma. Ban rubuto don in tura ka baya ba, kuma idan wasiƙar nan ta sa ka sayi kwalin sigari don haushina, na yi asara biyu. Tankin ya cancanci wahalarsa ga mutumin da ke da wurin kullewa da kuma ranar da ya sa wa kansa ta bari. Wanda ba shi da waɗannan biyun, arahar ba ta kai kasadar ba. Idan ka san halinka na mantuwa ya fi ƙarfinka, kuma ni na san shi, to ka koma irin wanda ruwansa ke zuwa a rufe daga kamfani, ko da ya fi tsada, shi ma ka ɗaga shi sama, don yaro yana iya tsotsarsa.

Kwalaben su zauna a kulle, na'urar ma haka. Kada ka cika tanki a gabanta. Ka wanke hannu da sabulu kafin ka ɗauke ta, kuma kada ka juye ruwan a wata kwalbar da ba tasa ba. Ka gaya wa matarka alamomin: amai, dalalar miyau, zufa, rawar jiki, kasala. Idan, Allah ya kiyaye, kuka yi zargin ta sha, kada ku tsaya sa ta amai ko jiran ganin abin da zai faru. Ku ɗauke ta ku ɗauki kwalbar ku tafi asibiti nan take, likita zai so ganin ƙarfin da ke rubuce a jiki.

Ɗana, na yi zafi, na sani. Mahaifiyarka ta karanta ta ce in cire wasu wuraren, na ƙi. Amma ita ma ta san ba na shakkar son da kake yi wa yarinyar nan. Na ga yadda ka riƙe ta ranar da aka sallamo su daga asibiti, hannunka yana rawa, kana tambayar ko ka tallafe kan daidai. Wannan uban nake rubuta wa.

Ka san ƙaramin akwatin ƙarfen nan nawa mai kwaɗo, wanda nake ajiye takardun gida a ciki, wanda kuke yara na hana ku taɓawa. Na kwashe takardun jiya, na goge shi, na sa wa kwaɗon mai. Ƙaninka zai taho maka da shi ranar Asabar, makullan biyu suna ɗaure a hannunsa. Kafin ya iso, ka ɗora kwalaben a saman kabad yau ɗin nan, kafin ka gama karanta wannan idan da hali. In ya iso ka kira ni, ka gaya min ƙarfin da kake kai yanzu da wanda za ka sauko a wata mai zuwa. Ka kuma sa min yarinyar a waya, an ce ta fara kiran sunan kakarta, ina so in ji ko an koya mata nawa.

Allah ya yi muku albarka, ya raya mana ita.

Mahaifinka