Nazariyar tsirkiya: a raba abin da aka gwada da abin da ke kan takarda

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in yi magana kan wani saƙon murya da ke yawo a wayoyin Hausawanmu a nan Makka, wanda ke cewa masana kimiyya sun tabbatar sararin da muke ciki yana da fuskoki goma, wato bayan tsawo da faɗi da zurfi da lokaci akwai wasu shida. Maganar ta fito ne daga abin da ake kira nazariyar tsirkiya. Da aka kunna shi a majalisarmu ta bayan isha'i a Shara Mansur, wasu sun karɓe shi hannu bibbiyu, wani dattijo kuwa ya ce aikin banza ne na waɗanda kuɗi ya yi wa yawa. Ni malamin lissafi ne, kuma a ganina ɓangarorin biyu sun kauce hanya.

Akwai abin da aka gwada aka gani. Tsarin da ke bayanin ƙananan ƙwayoyin da ke cikin zarra, irin su ilektron da kwak, ya sha jarrabawa ya ci. Abdus Salam na Pakistan da Sheldon Glashow da Steven Weinberg sun sami kyautar Nobel a 1979 kan lissafin da ya yi hasashen ƙwayoyin W da Z, aka kuma gano su a cibiyar CERN kusa da Janeba a 1983. Peter Higgs ya rubuta nasa hasashen a 1964, amma sai ranar 4 ga Yulin 2012 aka sanar da ganin ƙwayar, bayan an gina na'ura mai zagayen kilomita 27 a ƙarƙashin ƙasa inda ake gwara furoton da furoton. Shekara 48 ya yi yana jira.

Nazariyar tsirkiya ba ta kai wannan matsayi ba tukuna. Ta samu karɓuwa ne saboda wancan tsarin bai ƙunshi ƙarfin da ke jawo dutse ƙasa, yake kuma riƙe wata a falakinsa ba, ita kuwa ta ƙunshe shi. Abin da take cewa shi ne, kowace ƙwaya tsirkiya ce ƙanƙanuwa mai kaɗawa, kuma kamar yadda tsirkiyar molo ɗaya take ba da amo dabam-dabam gwargwadon inda makaɗi ya danne ta, haka wata kaɗawar take bayyana a matsayin ilektron, wata a matsayin kwak. Lissafin ba ya daidaita sai an ɗauka fuskoki goma ne: tsawo da faɗi da zurfi da lokaci, sai wasu shida a naɗe waɗanda ido ba ya kai gare su. Edward Witten ya kawo hujja a 1995 cewa nau'o'inta biyar rassan abu ɗaya ne mai fuskoki 11.

Na taɓa rubuta wa ɗalibaina girman da ake zaton tsirkiyar take da shi a ma'aunin mita: sifili, ɗigo, sifili 34 a jere, sannan 1. Layin ya kusa cinye faɗin allo, wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, to wa ya gan ta?" Babu wanda ya gan ta, kuma babu na'urar da ta kusa iya ganinta. Hatta sababbin ƙwayoyi, tagwayen waɗanda aka riga aka sani, da masu nazariyar da yawa suka sa ran za su ɓullo a CERN, har yau ba su ɓullo ba. Saboda haka kalmar "tabbatarwa" da ke cikin wancan saƙo kuskure ce.

Amma da Baba dattijo ma ban yarda ba, tare da girmamawa. A 1928 Paul Dirac ya rubuta lissafin da ya nuna ilektron yana da kishiya, Carl Anderson ya gano ta a 1932, yau kuma da ita na'urar PET take ɗaukar hoton ciwon daji a asibitoci. Ita ma tsirkiyar ba ta zauna haka ba: a 1996 Andrew Strominger da Cumrun Vafa sun yi amfani da ita suka fitar da adadin da masana Bekenstein da Hawking suka riga suka samu ta wata hanya dabam game da baƙin rami, wato wuri a sararin samaniya mai ƙarfin jan da ko haske ba ya kuɓuce masa, kuma wannan dacewar ce ta sa manyan masana ba su yar da ita ba.

Roƙona ga jaridarka biyu ne. Duk lokacin da za a kawo irin wannan labari, a faɗa wa mai karatu a fili ko gwaji ne ya nuna, ko lissafi ne kawai ya yi nuni. Sannan a sanar da matasanmu cewa wannan fanni takarda da alƙalami da haƙuri yake fara nema, kuma cibiyar binciken kimiyya ta ICTP da Salam ya kafa a Trieste ta Italiya a 1964 tana ɗaukar ɗaliban ƙasashe masu tasowa karatun difloma na shekara guda, haka ma cibiyar lissafi ta AIMS mai rassa a Ghana da Senegal da Kamaru da Ruwanda. Yaron nan da ya yi mini tambaya bai taɓa jin sunan ko ɗaya daga cikinsu ba sai a bakina.

Naka,
Wani malamin lissafi,
Makka, Saudiyya.