A Koya wa Matasan Damagaram Sana'ar Buga Zane

Malam Edita,

Ina roƙon fili in tunatar da masu karatu Bruce Onobrakpeya, mai zane ɗan Najeriya da aka haifa a 1932, wanda yana ɗalibi a Zariya ya shiga ƙungiyar masu zane da aka kafa a 1958. Yakan sassaƙa hoto a kan faranti, ya shafa tawada, ya danna takarda, sai hoto ɗaya ya fito sau da yawa. Abin da ke damuna shi ne, muna da adon bangon gidajen unguwar Birni ta Zinder da adon fata na dukawa, amma matasanmu masu tsara kati da kwamfuta ba sa waiwayarsu. Ina roƙon makarantunmu su buɗe ajin wannan sana'a ta buga zane.

Naku,
Mai karatu daga Zinder