Barka da Sallah daga Barcelona

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga Baba da Inna, da Yaya da iyalinsa, da duk yaran gida. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina yi muku barka da Sallah. Allah Ya karɓi ibadarmu da layyarmu, Ya maimaita mana, Ya dawo da alhazanmu gida lafiya. Ni ma ina nan lafiya ƙalau, sai kewarku.

Mun yi Idi da safe a wani ɗakin wasanni da aka ba mu aro, domin garin nan duk girmansa masallatansa ƙanana ne, yawanci a ƙasan benaye suke. Sahu ya cika da 'yan Maroko da Pakistan da Senegal da Gambiya. Layya kuwa ba a yin ta a ƙofar gida, doka ta ce sai a mayanka. Na biya kuɗin rago wurin wani mahauci Musulmi a unguwar Raval, gobe ko jibi zan karɓi naman.

Yaya, na ga saƙonka kan zuwan da za ka yi a watan Janairu, da tambayarka ta inda za ka kai abokan cinikinka su ci abinci ba tare da an ji kunya ba. Na ga gara in amsa a nan kowa ya ji, tunda Inna ma kullum damuwarta ita ce wai burodi kaɗai nake ci.

Inna, akwai gaskiya a maganarku, amma ku ji irin burodin. A nan Kataloniya ana gasa shi ya yi ƙamas, a raba nunannen tumatir biyu a goga a kai har ruwan ya shige shi, a zuba man zaitun, a barbaɗa gishiri. Wani yakan fara goga tafarnuwa. Suna ce masa pa amb tomàquet, kuma talaka da attajiri kowa da shi yake buɗe ciki. Tun da na fara aiki a kicin na wani gidan abinci da ke bakin teku na gane cewa girkin mutanen nan na manoma ne da masunta. Kusan kowace tukunya tana farawa da albasa da tumatir da ake soyawa a hankali a wuta kaɗan har su yi duhu su yi zaƙi. Idan an kusa saukewa sai a daka tafarnuwa da soyayyen burodi da ƙwayar almon a ɗan ƙaramin turmi, a zuba don romon ya yi kauri. Wanda ya iya waɗannan biyun ya iya rabin girkinsu. Akwai kuma escalivada, wato tattasai da baƙin yalo da albasa da ake gasawa a garwashi, a ɓare, a yayyaga da hannu, a sa mai. Alayyafonsu kuma da busasshen inabi ake soya shi. Babu abin da zai hana Musulmi cin waɗannan.

Inda ake taka-tsantsan shi ne nama. Alade ya shiga girkinsu sosai, har inda mutum ba zai zata ba: a romo, a wake, a cikin taliyar da ake naɗewa da niƙaƙƙen nama mai suna canelons, wani lokaci har a kayan fulawa, domin da kitsensa ake kwaɓa wasu. Escudella, babbar tukunyar da suke yi ranar Kirsimeti, da shi ake dafa ta, haka ma botifarra, wato niƙaƙƙen naman da suke ɗurawa a hanji. Giya ma sukan zuba a miya. Don haka, Yaya, ka riƙa tambaya ƙarara kafin a kawo maka komai, ba sa jin haushi, sun saba. Ni dai na sauƙaƙa wa kaina, a waje kifi da ganye nake ci, nama kuwa sai wanda na saya wurin mahautanmu. Alhamdu lillahi mu 'yan Malikiyya duk abin da ya fito daga teku halal ne gare mu, kuma tekun yana nan a bakin gari.

Idan ka sauka, wurin farko da nake so mu je shi ne Can Culleretes, a wani lungu cikin tsohon gari, ba nisa da titin Rambla. Tun 1786 yake, shi ne gidan abinci mafi tsufa a Barcelona. Ba ƙyale-ƙyale, bango cike da hotunan waɗanda suka taɓa ci a wurin, kuma iyalai 'yan gari ne ke cika shi. A can za ka ɗanɗana crema catalana, madara da ƙwai da kirfa da ɓawon lemun tsami, a barbaɗa sukari a sama a ƙona shi da ƙarfe mai zafi har ya daskare, sai ka fasa da cokali. Ko kuma mel i mató, ɗanyen cuku marar gishiri da zuma a kai. Na san Baba za ku so wannan.

Baƙinka kuwa, shawarata ka kai su 7 Portes, kusa da tsohuwar tashar jiragen ruwa. An buɗe shi a 1836, masu hidima sanye da fararen kaya, kuma akwai ƙananan alluna a jikin kujeru ɗauke da sunayen manyan mutanen da suka zauna a wurin. Shinkafa ce ta yi musu suna. Paella asalinta daga Valencia take, can kudu da mu, amma a nan ma sun iya ta. Ana dafa ta a faffaɗan kasko marar zurfi, a cikin romon kifi, kuma da zarar an zuba shinkafar ba a ƙara juya ta. Abin da kowa ke nema shi ne wanda ya kama a gindin kaskon, ƙanzon nan da muke rububi a kansa muna yara, shi ne a nan ake yaba mai girki a kai. Ka ce ta kifi da jatan lande zalla kake so, domin akwai wadda ake haɗawa da nama. Akwai ma baƙar shinkafa da ake rinawa da tawadar wani naman ruwa. Kada launin ya tsorata ka, tana da daɗi ƙwarai. Ka lura da lokaci kuma: abincin rana sai wajen ƙarfe 2, na dare sai 9.

Yanzu ga manyan wuraren da ka ce ka ji labari. Gaskiya ne, Kataloniya ta yi fice a duniya a wannan fanni. Abin ya samo asali ne daga elBulli, gidan abincin Ferran Adrià da ke gaɓar teku kusa da garin Roses, wanda aka rufe a 2011. A can aka riƙa yin abubuwa irin su matse ruwan zaitun a mayar da shi siffar ƙwayar zaitun, ka sa a baki ta fashe. Uku daga cikin waɗanda suka yi aiki da shi, Oriol Castro da Eduard Xatruch da Mateu Casañas, su suka buɗe Disfrutar a nan Barcelona a 2014. Yana da taurarin Michelin uku, wato lambar yabon da ake ba gidajen abinci, uku kuwa shi ne matakin ƙarshe, kuma a 2024 aka zaɓe shi na ɗaya a duniya. Ba ka zaɓar abinci, su ke kawowa, loma-loma, kala kusan 30, a shafe awanni ana ci. Kuɗin mutum ɗaya ya kai wajen Yuro 300, kuma sai an kama wuri watanni kafin ranar. Lasarte da ABaC da Cocina Hermanos Torres su ma taurari uku-uku gare su. Idan har kana so, tun wajen kama wurin ake gaya musu ba alade ba giya, domin su shirya.

Ba na raina aikinsu ko kaɗan. Na san wahalar tsayuwa a kicin, na san abin da ake sha kafin faranti ɗaya ya fita daidai, kuma mutanen nan gwanaye ne na gaske. Amma ra'ayina, wanda bai ci abincin iyayensu ba ba zai gane abin da suke yi ba, domin shi suke warwarewa su sake ginawa. Dubi El Celler de Can Roca da ke Girona, tafiyar minti 40 a jirgin ƙasa mai sauri. 'Yan'uwa uku ne, Joan da Josep da Jordi, sun zo na ɗaya a duniya a 2013 da 2015. A unguwar nan dai iyayensu suka buɗe ɗan gidan abinci na ma'aikata, inda suka tashi suka koyi girki wurin mahaifiyarsu, kuma har yanzu abincin gida ake sayarwa a can da kuɗi kaɗan. Wannan ya burge ni fiye da taurarin.

Ka yi sa'ar lokaci ma. Janairu kakar calçots ce, wata doguwar albasa mai zaƙi da ake tara wa ƙasa tana girma don jikinta ya yi fari. Ana gasa ta a harshen wuta har bayanta ya yi baƙi ƙirin, a naɗe a jarida ta turaru, a kawo a kan tayil ɗin rufin ɗaki. Ka zare baƙin da hannu, ka tsoma a miyar tumatir da almon da tafarnuwa, ka ɗaga kai sama ka zura. Garin Valls ne tushenta, kuma Lahadin ƙarshe ta Janairu suke bikinta. Idan kwanakinka sun kai, zan nemi hutu mu je tare. Da safe kuma mu zaga kasuwar Boqueria kafin 'yan yawon buɗe ido su cika ta, ka ga kifin da aka kawo.

Ka turo mini ranar saukarka da yawan baƙinka da wuri domin in kama wuraren. Inna, na ji kuna shirin ba shi kilishi da dambun naman Sallah ya kawo mini. Don Allah kada ku wahalar da kanku, an hana shigo da nama Turai daga waje, a filin jirgi za a karɓe. Yaji da kuka da kuɓewa busasshiya sun ishe ni. Ɗan abin da na aiko ta hannun Kawu, a ba yara goron Sallah, sauran na Gwaggo ne.

A gaida mutanen unguwa da liman, a ci gaba da sa ni a addu'a.

Wassalam,
ɗanku.