Littafin bashi ya zauna a gida

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili in ja hankalin 'yan'uwana 'yan kasuwa. Kwanan nan ina ganin mutane suna ɗaukar hoton littafin bashi, da sunaye da lambobin waya a ciki, su tura wa ChatGPT ya haɗa musu lissafi. Wannan asirin bayin Allah ne da suka karɓi kaya bisa amana, ga shi yana tafiya kwamfutocin wani kamfani a ƙasar waje ba da saninsu ba. Dokar kare bayanai ta 2023 ma ta ɗora wa mai tara bayanan jama'a nauyin tsare su.

Alhali aikin yana yiwuwa a gida. Gyaran kwamfuta nake yi a Kano, kuma a shagona akwai tsohuwar laftof da na sa wa Ollama, manhajar kyauta mai tafiyar da ƙirƙirarriyar basira a cikin na'urarka. Sai ka sauke ita basirar da Ollama zai tafiyar, wato ƙaramin Llama na kamfanin Meta ko Qwen na kamfanin Alibaba, kamar gig 5, daga nan ba ruwanka da data. Na haɗa shi da n8n, mai jera ayyuka daki-daki. Kullum bayan isha'i sai ya duba jadawalin cinikina, ya ware waɗanda lokacin biyansu ya wuce, ya tsara wa kowa saƙon tuni. Da safe in karanta, in gyara, in tura da hannuna, don shi bai san wanda aka yi wa rasuwa ba, ni na sani.

Amma fa ba shi da sauri, fankar laftof ɗin har kuka take yi, kuma Hausarsa ba ta nuna ba. Shi ya sa na yi murna da N-ATLaS, irin wannan basirar da gwamnatin tarayya ta fitar a 2025, mai jin Hausa, Yarbanci da Ibo.

Sai dai don Allah kada wanda ya ba shi lambar sirrin banki. Ɗan damfara zai iya ɓoye umarni a cikin imel, shi kuwa ya karanta ya bi, domin ba ya rarrabe maganar maigida da ta baƙo.

Ina kira ga NITDA, hukumar bunƙasa fasahar zamani ta ƙasa, da shugabannin Kantin Kwari da Singa su koya wa yaranmu masu gyaran waya wannan haɗin, su riƙa yi wa 'yan kasuwa a shagunansu.

Naku,
Mai gyaran kwamfuta, Kano