Ƙanena ya ce tarihi bai tabbatar da tashin Yesu ba, na kore shi daga gidana

Anti, ina gaisuwa. Ki yi haƙuri da tsawon wasiƙar, yau kwana tara ke nan rabona da barcin kirki.

Ina da ƙane, shi ne autanmu. Ni na riƙe shi tun rasuwar babanmu, ni nake biya masa kuɗin jami'a inda yake karatun tarihi. Ba gori nake yi ba, Allah ya sani, amma gara ki san matsayina a wurinsa kafin ki ce wani abu. Ranar Ista muka dawo daga coci, na ce masa na lura bakinsa ko motsi bai yi ba lokacin waƙa. Ya ce, "Yaya, ki bar maganar nan." Ni kuwa ban bari ba, don yarana suna zaune suna kallonsa, kuma babban, mai shekara 11, duk abin da kawunsa ya yi shi yake kwaikwayo.

Sai ya gyara zama kamar wanda dama jira yake. Wai shi bai musa cewa an yi Yesu ba, bai musa gicciyewa ba. Har ya kawo mini wani marubucin Romawa, Tasitus, da ya rubuta wajen shekara ta 116 cewa Bilatus, gwamnan Romawa a Yahudiya, ne ya sa aka kashe Almasihu, da wani dutse mai sunan Bilatus da aka tono a Kaisariya a 1961. Na ce to, Allah mun gode, me ya rage? Ya ce abin da ya rage shi ne tashin. Wai masanin tarihi abin da ya fi yiwuwa yake bi, mu'ujiza kuwa ita ce abin da ya fi komai wuyar aukuwa, don haka tarihi ba shi da ma'aunin da zai auna ta. Wai tun 1748 wani Bature, David Hume, ya yi wannan bayanin. Yana magana yana murmushi, irin murmushin nan na "ke me kika sani".

Ni ma ba jahila ba ce, Anti, shekara shida ina koyar da yara a makarantar Lahadi. Na buɗe masa Korintiyawa ta fari sura 15, inda manzo Bulus ya lissafa waɗanda suka ga Yesu bayan tashinsa: Bitrus, sha biyun, mutum fiye da 500 a lokaci guda, da Yakubu. Bulus ya rubuta wannan ne shekara ashirin da 'yan kai bayan abin ya faru, yana cewa yawancinsu suna nan da rai. Na ce wa zai ƙirƙiri labari a zamanin da ba a ɗaukar shaidar mace da daraja, sannan ya ce mata ne suka fara ganin kabari a buɗe? Ya yarda wannan hujja ce mai nauyi, sai kuma ya juya. Wai cikin 500 ɗin ba mu da rubutun ko mutum ɗaya, wai Bulus bai ambaci kabarin da ba kowa ba. Wai Yohanna ya ambaci Maryamu Magadaliya, Matiyu ya ce mata biyu, Markus ya ce uku. Na ce shaidu da bakinsu ya zo ɗaya tsaf ai su ne abin zargi. Ya ce almajiran sun gaskata da zuciya ɗaya sun gan shi, wannan tarihi ya yarda, amma abin da suka gani ɗin ne ba mai iya tabbatarwa.

Na manta ban gaya miki ba, mamanmu ta rasu wata bakwai da suka wuce. Ni na yi jinyarta, shi yana makaranta, sau biyu kacal ya zo. Abin da ya riƙe ni tun ranar da aka binne ta shi ne za mu sake haɗuwa. Sai na ce masa, "To Mama fa?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya, tarihi ba zai iya yi miki wannan alkawarin ba." Ban san lokacin da hannuna ya sauka a fuskarsa ba. Na ce ya ɗauki jakarsa ya fita. Mijina ya ce na wuce gona da iri, amma shi ba uwarsa ba ce, kuma ba a gaban 'ya'yansa aka... to, 'ya'yansa ne, amma kin gane.

Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne wannan. Kafin ya fita ya ce in duba ƙarshen Markus. Daren nan na ɗauko Littafi Mai Tsarki na Turanci na mijina, na haska da wayata. A ƙasan sura 16 aya 8 akwai ɗan rubutu ƙanana cewa mafi daɗewar kwafe-kwafen ba su da aya 9 zuwa 20. Wato a can labarin ya tsaya ne da matan sun gudu cikin tsoro. Shekara nawa ina karanta wurin ban taɓa lura ba. Na san saƙon cewa ya tashi yana nan a aya 6, na san sauran Linjila sun faɗi bayyanarsa, amma gabana ya faɗi, har yanzu bai daina ba. Ina tsoron zuwa wurin fasto kada a ce malamar makarantar Lahadi ta fara shakka. Toma, almajirin Yesu, ma ai ya nemi ya taɓa raunukansa kafin ya gaskata, Ubangiji bai kore shi ba, ni kuwa na kori nawa.

Ya turo saƙo sau ɗaya, "Yaya, ki yafe ni," ban amsa ba. Kuɗin zango na gaba ya kusa. In ci gaba da biyan karatun da yake raba shi da bangaskiya? In na kira shi ya dawo, in hana shi magana da yarana, ko yaya? Kuma Anti, don Allah kada ki karanta sunana, zunubi ne idan ni ma ina so in tambaye shi sauran abin da ya karanta?

'Yarki, babbar yaya.